Sharhi: Yadda Ƙungiyar Blackhawks Ta Shikago Ta Rushe Gidanta Don Ta Sake Gini

A ranar 7 ga watan Yuli, 2022, ƙungiyar Blackhawks ta birnin Shikago a Amurka, wadda take buga wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, watau hoki, ta yi wani ciniki da ya ɗaure wa magoya bayanta kai. Cikin yini ɗaya ta rabu da Alex DeBrincat, matashi ɗan shekara 24 wanda ya ci mata ƙwallo 41 a kakar wasan da ta gabata, ta kuma rabu da Kirby Dach, ɗan shekara 21. Ba ta karɓi ko ɗan wasa ɗaya a madadinsu ba. Abin da ta karɓa shi ne izinin zaɓen waɗansu samari da ba su taɓa buga wasan manya ba. Da gangan shugabannin ƙungiyar suka raunana ta, da nufin su sake gina ta daga tushe. Bayan shekara uku da yin haka, a ƙarshen kakar 2024-25, ƙungiyar ta ƙare ta 31 cikin ƙungiyoyi 32.

Abin tambaya a nan shi ne ko wannan dabara tana kai mai ita ga gaci, kuma mene ne yake raba ƙungiyoyin da suka bi ta suka tsira da waɗanda suka bi ta suka daɗe cikin rami. Tarihin gasar ya nuna cewa zaɓen samari yana samar da kayan gini ne kawai. Ƙungiyar da ta ci kofi ita ce wadda ta san lokacin da za ta daina tara kaya ta shiga kasuwa ta sayo abin da ya rage mata.

YADDA TSARIN YAKE

Kafin a fahimci dalilin da zai sa ƙungiya ta nemi faɗuwa da kanta, wajibi ne mai karatu ya san cewa tsarin wannan gasa ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa da muka saba da shi. Gasar NHL, wadda aka kafa cikin 1917, tana da ƙungiyoyi 32, watau 25 a Amurka da 7 a Kanada. Ƙungiyoyi 16 ne suke shiga zagayen fitar da gwani a ƙarshen kowace kaka don neman Kofin Stanley. Sauran 16 sai su koma gida, amma ba a saukar da kowa zuwa ƙaramin rukuni, ko da kuwa ita ce ta ƙarshe shekara biyar a jere.

Maimakon hukunci ma, lada ake ba ta. Kowace shekara ƙungiyoyin sukan taru su raba samarin da suka kai shekara 18 a tsakaninsu, ɗaya bayan ɗaya, har zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi ita take kan gaba wajen zaɓe, zakara kuwa ita ce ta ƙarshe. Don a rage masu faɗuwa da gangan, sai aka shigo da ƙuri'a a kan gurbi na ɗaya da na biyu. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki cikin 2022, rabon ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe na samun gurbi na ɗaya bai wuce kashi 25.5 cikin ɗari ba, ko da yake ba za ta faɗi ƙasa da gurbi na uku ba.

Abu na biyu shi ne ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe na bana ko na baɗi. Saboda haka gurbin zaɓe ya zama tamkar kuɗin kasuwar. Abu na uku kuwa shi ne iyakar albashi, wadda aka kafa cikin 2005. Ba a yarda jimillar albashin 'yan wasan ƙungiya ɗaya ya wuce wani adadi ba. Adadin ya fara daga dala miliyan 39, ya kai miliyan 88 a kakar 2024-25, da miliyan 95.5 a kakar 2025-26. Saurayin da aka zaɓa kuwa, komai gwanintarsa, kwantiraginsa na farko na shekara uku ne, kuma har zuwa zaɓen 2025 tsayayyen albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Gwani mai araha ke nan, wanda yake bar wa ƙungiya sararin ɗaukar waɗansu manya. Da waɗannan ƙa'idodi uku ne ake lissafin duk wani aikin sake gini.

GININ FARKO

Shikago ba baƙuwa ba ce a wannan hanya, domin ta taɓa bin ta ta ci riba. Ƙungiyar, wadda aka kafa cikin 1926, ta ci kofi cikin 1934 da 1938 da 1961, daga nan sai shiru. Tsakanin 1998 da 2008 sau ɗaya tak ta shiga zagayen fitar da gwani, cikin 2002. Mai ƙungiyar na wancan zamani, Bill Wirtz, ya hana a nuna wasanninta na gida a talabijin ɗin birnin, bisa ganinsa cewa hakan zai hana mutane sayen tikiti. Kujeru suka zama fanko, har cikin 2004 kafar labaran wasanni ta ESPN ta ayyana ta a matsayin ƙungiya mafi lalacewa a dukan manyan wasannin ƙasar.

Mutane da yawa sukan ce Jonathan Toews, wanda aka zaɓa a gurbi na uku cikin 2006, da Patrick Kane, wanda aka zaɓa a gurbi na ɗaya cikin 2007, su ne suka ceto ƙungiyar. Gaskiya ne sun taka rawa babba, amma sun tarar da harsashi a ƙasa. Tun cikin 2002 aka zaɓi ɗan baya Duncan Keith a gurbi na 54, bayan ƙungiyoyi da dama sun wuce shi. Cikin 2003 aka zaɓi Brent Seabrook a gurbi na 14, da mai tsaron gida Corey Crawford a na 52, da Dustin Byfuglien a na 245. Cikin 2005 aka samo Niklas Hjalmarsson ɗan ƙasar Suwidin a gurbi na 108, a shekarar kuma aka karɓo Patrick Sharp daga Philadelphia ta hanyar musaya mai araha ƙwarai. Duk waɗannan aikin masu farautar samari ne da suka san sana'arsu, ba kyautar ƙuri'a ba.

Bayan rasuwar Bill Wirtz cikin Satumba, 2007, ɗansa Rocky ya mayar da wasanni talabijin, ya kuma buɗe bakin jaka. Aka ɗauko koci Joel Quenneville cikin 2008. Cikin 2009, lokacin da Toews da Kane suke kan albashinsu na farko mai araha, aka ɗauko gogaggen ɗan gaba Marian Hossa da kwantiragin shekara 12. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 2010, ƙungiyar ta ci kofi karo na farko cikin shekara 49, ta sake ci cikin 2013 da 2015. Daga zaɓen Keith zuwa kofin farko shekara takwas ke nan, daga zaɓen Kane kuwa shekara uku.

YADDA GININ YA TSAGE

Iyakar albashin da ta taimaki ƙungiyar wajen hawa ita ce ta ja ta ƙasa. Cikin 2014 aka ba Toews da Kane kwantiragi iri ɗaya, dala miliyan 84 kowanne a shekara takwas, watau miliyan 10.5 a shekara. A kakar 2015-16, da kwantiragin ya fara aiki, iyakar albashi miliyan 71.4 ce, saboda haka mutum biyu sun cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na kason mutum fiye da ashirin. Tilas aka riƙa rabuwa da samari masu tasowa. Cikin 2016 aka haɗa Teuvo Teravainen da wani ɗan wasa mai nauyin albashi aka ba Carolina don kawai a sauke nauyin. Cikin 2017 aka ba Columbus Artemi Panarin, wanda daga baya ya zama cikin fitattun 'yan gaban gasar.

Kuskure mafi tsada ya zo ne cikin Yuli, 2021, sa'ad da janar manaja Stan Bowman ya ɗauka cewa ɗan gyara kaɗan zai mayar da ƙungiyar kan ganiyarta. Ya karɓo ɗan baya Seth Jones daga Columbus, ya ba shi kwantiragin dala miliyan 76 na shekara takwas, ya kuma bayar da wani saurayi da guraben zaɓe, ciki har da gurbin zagayen farko na 2022. Ƙungiyar ta faɗi ƙasa a kakar da ta biyo baya, gurbin nan ya zama na shida, ya tafi Columbus. Cikin Oktoba, 2021 kuma Bowman ya yi murabus bayan wani bincike ya nuna cewa shugabannin ƙungiyar sun yi sakaci da ƙarar cin zarafi da wani ɗan wasa ya kai kan wani ma'aikaci tun cikin 2010. A watan ne kuma aka kawo ƙarshen jerin wasanni 535 da aka yi a gida filin yana cike maƙil tun daga 2008.

RUSAU DA TARA KAYA

A wannan hali ne Kyle Davidson ya karɓi ragama, da farko na riƙo, sa'an nan aka tabbatar da shi cikin Maris, 2022. Bai ɓoye niyyarsa ba. A watan ya ba Tampa Bay Brandon Hagel ya karɓi guraben zagayen farko biyu da samari biyu. A ranar zaɓen 2022 ya wayi gari ba shi da gurbin zagayen farko ko ɗaya, ya kwana da uku. DeBrincat ya tafi Ottawa, aka zaɓi Kevin Korchinski a gurbi na 7. Dach ya tafi Montreal, aka zaɓi Frank Nazar a na 13. Na ukun kuwa wata dabara ce ta daban: ƙungiyar Toronto tana neman sauke albashin mai tsaron gidanta Petr Mrazek, sai Shikago ta karɓe shi, aka biya ta ladan ɗaukar kayan da gurbi na 25, inda ta zaɓi Sam Rinzel. Ƙungiyar da ba ta da manyan albashi tana iya sayar da sararin da take da shi kamar yadda mai rumbu yake ba da haya.

Cikin Fabrairu, 2023 aka miƙa Kane ga New York Rangers. Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, domin kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin zuwa inda ba ya so, saboda haka mai saye ɗaya ne a kasuwar. Cikin Afrilu aka sallami Toews bayan kwantiraginsa ya ƙare. Ƙungiyar ta ci wasa 26 kawai cikin 82, ta ƙare da maki 59, ta uku daga ƙasa. Ran 8 ga Mayu, 2023, ƙuri'a ta faɗa mata, alhali rabonta kashi 11.5 ne cikin ɗari, ta zaɓi Connor Bedard ɗan Kanada, wanda ya ci ƙwallo 71 cikin wasa 57 a gasar samari. Daga 2022 zuwa 2025 Shikago ta zaɓi samari 11 a zagayen farko, ciki har da Artyom Levshunov ɗan Belarus a gurbi na biyu cikin 2024, da Anton Frondell ɗan Suwidin a gurbi na uku cikin 2025.

Sai dai sakamakon fili bai bi sahun yawan kayan da aka tara ba. Bedard ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a kakarsa ta farko, inda ya ci ƙwallo 22 ya taimaka aka ci 39, duk da karayar muƙamuƙi da ta hana shi wasa 14. Amma ƙungiyar ta ƙare da maki 52 a kakar 2023-24, ƙasa da na bara, da maki 61 a kakar 2024-25. Aka sallami koci Luke Richardson cikin Disamba, 2024, aka naɗa Jeff Blashill cikin Mayu, 2025. Seth Jones da kansa ya nemi tafiya, aka ba Florida shi cikin Maris, 2025, aka karɓi matashin mai tsaron gida Spencer Knight da gurbin zagayen farko.

GANI GA WANE

Akwai ƙungiyoyi biyu da labarinsu ya isa gargaɗi. Edmonton ta Kanada ta sami gurbi na ɗaya har sau huɗu cikin shekara shida: Taylor Hall cikin 2010, Ryan Nugent-Hopkins cikin 2011, Nail Yakupov cikin 2012, da Connor McDavid cikin 2015. Duk da haka shekara goma ta yi a jere, daga 2007 zuwa 2016, ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba. Ta tara 'yan gaba, ta rasa 'yan baya da mai tsaron gida na kirki, zaɓenta na zagayen baya kuma bai haifar da abin a zo a gani ba. Yakupov ya koma Rasha cikin 2018. Hall kuwa an musanya shi da ɗan baya ɗaya cikin 2016, bayan shekara biyu ya zama gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya a New Jersey. Sai da McDavid ya shekara tara kafin ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe.

Labarin Buffalo ya fi wannan ɗaci. Ta rushe kanta, ta zo ta ƙarshe cikin 2014 da 2015, ƙuri'a ta kuɓuce mata sau biyun, ta zaɓi Sam Reinhart da Jack Eichel a gurbi na biyu. Daga baya ta sami gurbi na ɗaya cikin 2018 da 2021. Duk da haka kaka 14 ta yi a jere, daga 2012 zuwa 2025, ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba a tarihin gasar. Abin lura shi ne makomar waɗanda suka bar ta. Ryan O'Reilly ya tafi St. Louis cikin 2018 ya ci kofi cikin 2019. Eichel ya tafi Vegas cikin 2021 ya ci kofi cikin 2023. Reinhart ya tafi Florida cikin 2021 ya ci kofi cikin 2024 da 2025. Wannan ya nuna cewa 'yan wasan ba su da aibu. Gidan da aka rene su a ciki ne ya saba da faɗuwa, kuma ba manyan da za su koya musu cin nasara.

MISALIN FLORIDA

Ƙungiyar Panthers ta Florida ita ce ta nuna yadda ake rufin gini. Ita ma ta yi zaman ƙasa, ta zaɓi Jonathan Huberdeau a gurbi na uku cikin 2011, da Aleksander Barkov a na biyu cikin 2013, da Aaron Ekblad a na ɗaya cikin 2014. Shekaru suka wuce ba ta tsallake ko zagaye ɗaya ba. Da Bill Zito ya zama janar manaja cikin 2020, sai ya juya kasuwa. Ya karɓo Sam Bennett daga Calgary da Reinhart daga Buffalo cikin 2021, dukansu biyu an zaɓe su a sahun farko cikin 2014 amma ba su cika burin ƙungiyoyinsu ba. Cikin Yuli, 2022, bayan ƙungiyarsa ta fi kowa maki a kakar, ya ɗauki Huberdeau, wanda yake kan ganiyarsa, ya haɗa shi da wani babban ɗan baya da gurbin zagayen farko, ya ba Calgary ya karɓo Matthew Tkachuk ɗan shekara 24.

Ciniki ne mai haɗari, amma ya biya. Florida ta kai wasan ƙarshe cikin 2023 ta sha kashi a hannun Vegas, sa'an nan ta doke Edmonton ta ci kofi cikin 2024 da 2025. A kofi na biyun akwai Seth Jones, wanda ya zama kaya mai nauyi a Shikago ya zama ginshiƙi a Florida. Cinikin da ya karya Shikago cikin 2021 irinsa ne ya ɗaukaka Florida cikin 2025, kuma mutum ɗaya ne aka yi cinikin. Bambancin shi ne Shikago ta saye shi tana gangarawa, Florida ta saye shi tana bakin kofi.

ABIN DA KE GABAN SHIKAGO

In an auna da waɗannan misalai, za a ga cewa zuwa tsakiyar 2025 Shikago ta kammala kashin aikin da ya fi sauƙi. Sayar da gwanaye da faɗuwa ba su buƙatar wata hikima mai yawa, ƙuri'a kuwa sa'a ce. Sauran aikin iri uku ne. Na farko, sai samarin da aka zaɓa a tsakiya da ƙarshen layi sun fitar da irin su Keith da Hjalmarsson, domin mutum ɗaya ba ya riƙe wasan da ake sauya 'yan wasa kusan kowane minti ɗaya, kuma ko gwanin gwanaye a gaba ba ya wuce sulusin lokacin wasa a fili sai kaɗan. Na biyu, tun da yake samari 11 na zagayen farko ba za su sami gurbi da babban albashi dukansu ba, dole a san waɗanda za a riƙe da waɗanda za a kai kasuwa tun darajarsu ba ta faɗi ba. Na uku, sai an gane ranar da ya kamata a sayo irin Hossa ko Tkachuk. Wanda ya yi gaggawa zai maimaita kuskuren 2021, wanda ya yi jinkiri zai bi hanyar Buffalo.

Lokaci kuwa ba ya jira. Kwantiragin Bedard na farko mai araha na 2023 zuwa 2026 ne, kuma shekarunsa biyu na farko sun wuce ƙungiyar tana ƙasan tebur, alhali a irin wannan lokaci na Kane ƙungiyar ta riga ta kai zagayen kusa da ƙarshe. Ƙa'idar gasar kuma ta ba ɗan wasa 'yancin zuwa inda ya ga dama da zarar ya cika kaka bakwai ko ya kai shekara 27, in kwantiraginsa ya ƙare. Ƙaruwar iyakar albashi zuwa dala miliyan 104 a kakar 2026-27 da miliyan 113.5 a ta 2027-28, kamar yadda aka sanar cikin Janairu, 2025, ta ƙara wa kowa sarari, saboda haka ƙungiyoyin da a dā tilas take sa su saki gwanayensu za su fi iya riƙe su, kasuwa kuma za ta yi tsada.

Magoya bayan da suka cika filin wasa sau 535 a jere an roƙe su haƙuri tun 2022, an kuma yi musu alkawarin ƙungiyar da za ta daɗe tana takara. Mizanin da ya kamata su auna shugabanninsu da shi shi ne mutum nawa cikin samarin nan suka zama 'yan wasan da za a dogara da su, da kuma irin cinikin da za a yi ranar da aka fara kashe guraben zaɓen da aka tara.